Kundin Gwajin Farantan Sola Masu Araha a Sakkwato

6 ga Nuwamba, 2023

Yau aka gama ɗaura farantan a kan ƙarafan da muka kafa a filin bayan shagon aikinmu, a gefen hanyar Kware, kuma daga yau lissafinsu zai fara a hannunmu. Aikin ya samo asali ne daga tambayar da wata ƙungiyar manoman rani ta fadamar Rima ta kawo mana. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun bana, kuɗin da mai albasa ko mai shinkafa yake zuba wa injin ban-ruwa ya fi ƙarfin da yawa daga cikinsu, sai hankalinsu ya koma kan famfon sola. Sai dai farantan da aljihunsu zai iya ɗauka su ne masu arahar nan, shuɗɗa masu ƙyalli-ƙyalli da 'yan kasuwa ke kira foli, kuma an riga an cusa musu tsoro cewa silikon ɗin da ke cikinsu, wato sinadarin da ke mai da hasken rana wuta, na banza ne, ba zai jure ranar Sakkwato ba. Abin da muka ɗaukar wa kanmu shi ne mu ajiye irin waɗannan farantai a rana kusa da masu tsada, mu riƙa aunawa muna rubutawa, har a ga abin da ke tsufa a jikinsu da kuma saurin da yake tsufa.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da silikon mai araha tun yanzu, domin abubuwa biyu ne mutane ke cakuɗawa. Na farko shi ne hanyar tacewa. Ana narka ƙanƙarar dutse tare da gawayi a tanderun lantarki mai zafin da ya kusa digiri 2000, sai a sami silikon mai tsabtar kashi 98 zuwa 99 cikin 100, wanda ya ishi masu haɗa alminiyom amma bai ishi sola ba, tun da ita tana neman aƙalla kashi 99.9999. Hanyar da aka saba, wadda ke ɗauke da sunan kamfanin Siemens, ita ce a mai da silikon ɗin wani ruwa mai saurin zama tururi, a tace shi, sannan a sake daskarar da shi a jikin sanduna masu zafin kusan digiri 1100, kuma wannan hanya tana shan wuta ƙwarai. Da farashin tataccen silikon ya haura dala 400 kan kowane kilo a 2008, kamfanoni irin su Elkem na ƙasar Norway da Timminco na Kanada sun duƙufa kan gajeriyar hanya: a narka shi da abubuwan da ke janye datti, a wanke shi da asid, a bar shi ya daskare a hankali daga ƙasa zuwa sama yadda dattin ƙarfe zai taru a saman da za a yanke a yar. Baƙin ƙarfe yana fita cikin sauƙi ta wannan hanya, amma sinadaran boron da fosfarus suna da taurin kai, sukan rage a ciki tare. Kafin ƙarshen 2012 farashin silikon na Siemens ya faɗo ƙasa da dala 20, sai ribar gajeriyar hanyar ta gushe, yawancin masu yin ta suka rufe.

Abu na biyu shi ne siffar da aka daskarar da shi. Foli ana zuba shi ne a kasko mai kusurwa huɗu ya daskare da ƙwayoyin lu'ulu'u barkatai, shi kuwa mono ana jawo shi a hankali ya fito dunƙule ɗaya, shi ya sa yake baƙi sumul kuma ya fi ba da wuta. Foli ne ya riƙe kasuwar duniya har zuwa wajen 2018, amma yanzu manyan masana'antu sun kusa daina yin sa gaba ɗaya.

Mun kasa farantan rukuni uku, kowane rukuni guda huɗu. Rukunin farko tsofaffin foli ne na hannu, masu ƙwaya 60, wato ƙananan fallayen silikon da aka jera a ƙarƙashin gilashi, da aka cire daga wani aikin ruwa. Takardar bayansu ta nuna wat 245 da shekarar ƙira 2012, kuma takardun da suka zo da su sun nuna cewa da silikon na gajeriyar hanya aka yi su. Rukuni na biyu sababbin foli ne da muka saya a kasuwa, masu wani suna da ba mu saba gani ba. Na uku sababbin mono ne na wani sanannen kamfani, su ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. Duka suna fuskantar kudu da karkatar kusan digiri 13, daidai da nisan Sakkwato daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, kuma an bar sarari a ƙarƙashinsu domin iska ta riƙa ratsawa.

20 ga Nuwamba, 2023

Tun kafin rana ta yi wa rukuni na biyu komai, takardar da ke manne a bayansu ta tayar da magana. An rubuta wat 350, alhali da muka sa tef muka auna, tsawon farantin kusan mita 1.65 ne, faɗinsa kusan mita 1, daidai da tsofaffin rukunin farko. Lissafin ba shi da wuya. Duk lambar da ke kan faranti an auna ta ne a haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, ƙwayoyin kuma suna kan zafin digiri 25. Faranti mai wannan girma yana karɓar hasken da bai wuce wat 1650 ba, kuma foli na kasuwa yakan mayar da kashi 15 zuwa 18 cikin 100 ne kawai zuwa wuta, wato tsakanin wat 250 da ƙasa da 300. Kafin ya ba da 350 sai ya haura kashi 21, abin da foli na kasuwa bai taɓa kaiwa ba. Awon da muka yi ya bi bayan lissafin, domin amfiyar da suke bayarwa, wato yawan wutar da ke gudana daga cikinsu, ta farantin wat 250 zuwa 260 ce.

Na koma wurin wanda ya sayar mana, na ce masa, "Alhaji, wannan 350 da ke jikin takarda, an auna ne ko haka ya zo?" Ya ce, "Malam, yadda aka sauke mini kwalin haka na miƙa maka, ni ban taɓa ɗora mita a kansa ba." Na yarda da shi, domin ba a Sakkwato ake buga takardar ba. Muhimmancin wannan ga aikinmu shi ne, manomin da ya sayi wannan faranti a matsayin 350, ya ga famfonsa ba ya tashi yadda aka yi masa alkawari, zai ce farantin ne ya mutu da wuri, alhali tun ran gini ran zane, bai taɓa zama 350 ba. Saboda haka mun ajiye lambar takarda gefe, awonmu na wannan mako shi ne mafarin da za a riƙa komawa gare shi.

Tsarin awon shi ne kamar haka. Ana yin sa ne a ranar da sama take garau, a daidai zawali, wanda a Sakkwato yakan faɗo tsakanin ƙarfe 12:20 da 12:55 gwargwadon wata. A kowane faranti ana ɗaukar bolt ɗinsa, wato ƙarfin turin wutarsa, ba tare da an jona masa kayan da ke jan wuta ba, da amfiyarsa idan an haɗe wayoyinsa biyu, da zafin bayansa, tare da ƙarfin hasken da ke sauka a wannan minti, sannan a mayar da sakamakon zuwa ma'aunin masana'anta ta hanyar lissafi. A sauran lokaci dukkansu suna jone da kaya suna aiki, domin farantin da aka bari a rana babu jone ya fi zafi, kuma tsufansa ba irin na mai aiki ba ne.

18 ga Disamba, 2023

Sababbin farantan sun cika makonni a rana, saboda haka raunin farko da haske ke jawowa ya riga ya auku idan zai auku. Wannan rauni sananne ne tun 1973, lokacin da wasu masu bincike biyu, Fischer da Pschunder, suka fara bayyana shi: boron da iskar oksijin da ke cikin silikon suna haɗuwa idan haske ya taɓa su, sai su riƙa cinye wani ɓangare na wutar kafin ta fita, kuma asarar takan kai kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a kwanakin farko sannan ta tsaya. Shi ne babban abin da aka ji wa silikon na gajeriyar hanya tsoro a kai, tun da boron ɗinsa ya fi yawa. Sai dai foli ba ya ɗauke da oksijin kamar mono, kuma tsofaffin namu sun wuce wannan mataki shekaru goma da suka gabata. Su kuwa masu yin mono, tun da haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2020 suka koma sa sinadarin galiyom a madadin boron, wanda ya kusa kawar da matsalar. Ba mu ga sauyin da ya wuce kuskuren mitarmu ba a kowane rukuni.

15 ga Janairu, 2024

Hunturu ya kankama, kuma ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, ta rufe gari. Asara iri biyu take jawowa, kuma wajibi ne a raba su. Hazon da ke sama yana rage hasken da ke isowa, wannan babu abin da mai faranti zai iya yi a kai. Ƙurar da ta kwanta a kan gilashi kuwa ana iya share ta. Domin a ga bambancin, muna wanke biyu daga kowane rukuni duk mako, biyu kuma an bar su yadda Allah ya yi da su.

Waɗanda ba a wanke ba amfiyarsu ta yi ƙasa a fili, bolt ɗinsu kuwa kusan bai motsa ba, kuma raguwar iri ɗaya ce a rukunan uku, wato mai tsada da mai araha ƙura ba ta bambanta su. Abin da ya fi jan hankalina shi ne layin ƙurar da ke taruwa a gindin faranti, inda bakin alminiyom ya ɗan ɗago sama da gilashi. Faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, amma a rukuni na biyu layin ƙwayoyin ƙarshe yana dab da bakin, har ƙurar ta hau kansu. Tun da ƙwayoyin a jere suke jone, wuta tana bi ta ɗaya zuwa ɗaya, ƙwayar da ta fi samun inuwa ita ke yanke wa sauran abin da za su bayar. A tsofaffin rukunin farko an bar tazara mai kyau tsakanin ƙwaya da baki, sai ƙurar ta kwanta a inda babu abin da za ta tare. Wannan bambancin ƙira ne, babu ruwan silikon a ciki.

Wankin ana yin sa ne da sassafe kafin gilashi ya ɗauki zafi, da tsumma mai laushi da ruwa kawai. Ruwan rijiyar burtsatsenmu yana barin farin tabo idan ya bushe a kai, don haka ana bi da busasshen tsumma a tsane shi.

8 ga Afrilu, 2024

Azumi ya zo ƙarshe cikin tsananin bazara, zafin iska yana haura digiri 40 kusan kullum. Wannan ne lokacin da mutane suka fi zaton sola tana cin kasuwarta, kuma a nan ne take ba su mamaki. Ƙwayar silikon tana rasa bolt idan ta yi zafi. Foli irin namu yana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri ɗaya da ya haura 25, mono na zamani kuwa kusan 0.35. Faranti a cikakkiyar rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 25 zuwa 30, saboda haka a irin wannan rana ƙwayoyin suna tsakanin 65 da 70. Idan aka ɗauki 65, an haura ma'aunin masana'anta da digiri 40, asarar ta zama kashi 16, wato farantin wat 260 lafiyayye zai ba da kusan 218 ne. Da ma'aunin zafi mai kama da bindiga muke dubawa, irin wanda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona amma na masu aikin wuta, kuma bayan farantan ba ya taɓuwa da tafin hannu a zawali.

Wannan asara ba tsufa ba ce, domin da gari ya yi sanyi take dawowa. Amma zafin yana da wani aiki na ɓoye wanda ba ya dawowa, kuma shi muke fako. Duk wani lalacewa na sinadari, ko na robar da ke manne gilashi da ƙwayoyi, ko na farar ledar baya, ko na dalmar da ta haɗa wayoyi, zafi yana ƙara masa sauri. Akwai kuma wani rauni da aka fara bayyanawa a 2012, wanda haske da zafi ke haɗuwa su jawo, yana tasowa ne idan ƙwaya ta haura digiri 50, yana ɗaukar watanni ko shekaru kafin ya kai ƙarshensa, daga baya kuma wani ɓangare nasa ya warke da kansa. An fi ganin sa a ƙwayoyin wata sabuwar ƙira da ake kira PERC, musamman na foli. Tsofaffin namu an yi su kafin wannan ƙira ta yaɗu, don haka idan zai bayyana, a sababbin rukunan biyu zai bayyana. A ganina wannan abin lura ne, domin ya nuna cewa sabuwar fasaha ma tana zuwa da nata ciwon.

Bayan an mayar da awon yau zuwa digiri 25, rukunin farko yana nan inda yake a Nuwamba.

22 ga Yuli, 2024

Damina ta sauka, ruwa ya wanke farantan da muka bari da ƙurarsu, har amfiyarsu ta kamo ta 'yan uwansu, in ban da layin gindin nan da ya zama laka ya ƙanƙame. Guguwar da ke gaban ruwan farko ta gwada ƙarafan, kuma sun tsaya. Tun ƙarshen Afrilu rana take bi ta arewa da tsakiyar sama a zawali, haka za ta ci gaba har tsakiyar Agusta, saboda haka farantan da ke kallon kudu suna ɗan rasa haske a wannan tsakani, kuma lissafinmu yana cire wannan tun da ana auna hasken a kan karkatar farantin.

Laima ta fito da abin da rani ya ɓoye. A biyu daga cikin rukuni na biyu wasu siraran layuka masu launin toka sun bayyana a fuskar ƙwayoyi, suna lanƙwasa kamar sawun katantanwa. Irin wannan layi yana bin tsagewar da ido ba ya gani ne a jikin ƙwaya, inda danshi ya ratsa ledar baya ya taɓa azurfar da aka zana wayoyin fuska da ita. Tsagewar kanta mai yiwuwa a hanya ta samu, ko wajen lodi da saukewa, domin kaurin ƙwaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma na sha ganin yara suna taka faranti a bayan mota suna ɗaure wani kaya. A ɗaya daga cikinsu kuma mun buɗe akwatin wayoyin da ke baya muka tarar da digon ruwa da koren tsatsa a kan tagulla, saboda gam ɗin da aka manna akwatin da shi bai zagaye ba. An busar da shi, an sake mannewa, an rubuta.

Ƙa'idar IEC 61215, wadda faranti na kirki ke bi kafin a sayar da shi, ta tanadi a ajiye shi awa 1000 a zafin digiri 85 da laimar kashi 85, a wani gwajin kuma a juya shi sau 200 tsakanin digiri 40 ƙasa da sifiri da digiri 85. Tambarin wannan ƙa'ida yana kan takardar rukuni na biyu, amma takardar da ta ce 350 ba ta da sauran shaida a wurina. Tsofaffin rukunin farko akwatunansu a bushe suke ƙayau.

11 ga Nuwamba, 2024

Shekara ta zagayo, an wanke duka farantan an auna su a yanayi irin na bara. Rukunin farko da na uku suna cikin iyakar kuskuren awo, wato mitarmu ba ta ga sun motsa ba. A rukuni na biyu, biyun da ke da layukan toka sun yi ƙasa kaɗan da 'yan uwansu.

Dole a karanta wannan da hankali. Dirk Jordan da Sarah Kurtz na cibiyar binciken makamashi ta NREL a Amurka sun tattara alƙaluman awo kusan 2000 na tsufan farantai daga sassan duniya, suka sami matsakaicin raguwar kashi 0.5 cikin 100 a shekara, kuma a bitar da aka yi a 2016 da alƙaluma sama da 11,000 an nuna cewa wurare masu zafi sukan ƙara saurin tsufan wasu farantan, ko da yake ba duka ba. Garantin da kamfanoni suka saba bayarwa, kashi 80 bayan shekara 25, yana nufin raguwar da ba ta kai kashi 1 a shekara ba. Kayan awo na hannu irin namu kuwa kuskurensu yakan kai kashi uku zuwa biyar. Ma'anar wannan ita ce faranti mai lafiya sai ya yi shekaru da dama kafin raguwarsa ta fito daga cikin kuskuren mita, kuma duk wanda ya ce ya auna tsufan silikon a shekara ɗaya da mitar hannu, yanayin ranar ya auna. Abin da shekara ɗaya ke iya nunawa shi ne faranti mara lafiya, kuma ta nuna.

Akwai wata hujja da tsofaffin suka riga suka zo da ita. Idan aka gwada awonsu da wat 245 na takardarsu, bayan shekara goma sha biyu suna sama da layin garanti da tazara mai kyau.

17 ga Fabrairu, 2025

Wannan hunturun mun mai da hankali ga abin da ya fi dacewa a zargi silikon na gajeriyar hanya da shi. Idan inuwa ta rufe ƙwaya ɗaya, kamar kashin tsuntsu ko ganye, sauran ƙwayoyin layinta suna tura wuta ta cikinta ta baya, sai ta daina bayarwa ta koma ci, ta yi zafi. A faranti mai ƙwaya 60 akwai dayod uku a akwatin baya, kowane yana tsaron ƙwaya 20, kuma aikinsa shi ne ya buɗe wa wuta wata hanya ta zagaye layin da ya samu matsala, yadda bolt ɗin da zai danne ƙwayar ba zai wuce 12 zuwa 13 ba. Ƙwayar da boron da fosfarus suka yi yawa a cikinta tana saurin ɓallewa a ƙarƙashin irin wannan danniya fiye da ta tataccen silikon, kuma idan wutar ta ratsa ta wuri ɗaya ƙarami, wurin yana iya ƙona ledar baya. Masu bincike sun daɗe da nuna wannan, kuma shi ne dalilin da ya sa muka yi gwajin da gangan.

An yanka kwali daidai girman ƙwaya, ana rufe ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci farantin yana aiki, ana duba zafin bayan wurin. A rukunin farko ƙwayar da aka rufe rabinta tana yin zafi fiye da maƙwabtanta, wasu ƙwayoyin fiye da wasu, amma dayod yana karɓar aiki kuma babu inda ya kai ga canza launin leda. Da muka duba bayansu a tsanake ma babu tabon ƙuna ko ɗaya daga shekarunsu na baya. A rukuni na biyu ne aka sami matsala: a faranti ɗaya, da aka rufe ƙwaya a layin tsakiya sai wutar farantin duka ta faɗi, zafin wurin ya yi ta hawa har muka janye kwalin. Da aka buɗe akwatin, ƙafar dayod na tsakiya ta saki daga dalmarta. Wannan shi ne akwatin da ruwa ya shiga a damina. Da a gona yake, ƙarƙashin bishiyar da tsuntsaye ke kwana, da tabon ƙuna ya riga ya fito, kuma da an ce silikon ne.

An sauya dayod ɗin, farantin ya koma aiki.

12 ga Mayu, 2025

Shugabannin ƙungiyar manoman sun zo ganin inda aka kwana. Mun juya musu farantan suka duba da idonsu. Robar cikin tsofaffin ta ɗan yi ruwan ɗorawa a tsakiyar kowace ƙwaya, wanda aikin zafi da hasken rana ne na shekaru kuma yana rage amfiya kaɗan, ledar bayansu kuma tana barin farin gari a yatsa idan an shafa, amma ba ta tsage ba. Ledar rukuni na biyu, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta fara kumbura a kusurwa ɗaya.

Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Malam, mu ba 'yan boko ba ne, ka faɗa mana kai tsaye, mu saya ko mu bari?" Na ce masa, "Baba, abin da muka gani zuwa yau shi ne shuɗin faranti ba aibi ba ne, kuma tsohon da aka ƙera da kyau ya fi sabon da aka ƙera da ha'inci. Kada ku biya kuɗin lambar da ke kan takarda sai an auna tsawo da faɗi an ɗora mita a gabanku, a rana." Na ƙara musu da cewa lissafin kasuwa ma ya sauya tun da muka fara, domin farashin faranti a duniya ya faɗi ƙwarai a 2023 da 2024 har ya kai kusan santi 10 na dala kan kowane wat, saboda yawan abin da masana'antun Sin ke fitarwa, ko da yake faɗuwar darajar naira ta cinye wani ɓangare na wannan sauƙi kafin ya iso gare mu. Idan aka raba kuɗin faranti da wat ɗinsa na gaskiya, rukuni na biyu bai fi mono araha da wani abin kirki ba.

13 ga Oktoba, 2025

Damina ta biyu ta wuce. Layukan toka sun ƙaru a farantan nan biyu, kumburin leda ya faɗaɗa, kuma da asuba, lokacin da raɓa take kansu, gwajin yoyon wuta tsakanin wayoyi da bakin alminiyom yana nuna rauni a mai kumburin. Wannan ya shafi lafiyar mutum, domin famfon gona yakan jera farantai da yawa har bolt ɗinsu ya kai ɗaruruwa, saboda haka an cire shi daga layi an ajiye shi shi kaɗai a kan ƙaramin kaya, ana ci gaba da auna shi. Rukunin farko da na uku babu sabon abu.

Awon cika shekara biyu zai kasance a mako na biyu na Nuwamba, kafin hazo ya sauko. Muna shirya takardar neman a gwada mitocinmu da na Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ke wannan fage tun 1982, domin rage kuskuren awo shi ne zai rage shekarun jira. Bayan awon kuma za a kai biyu daga rukunin farko da biyu daga na uku wata gonar albasa a fadama, a jona su da famfo na gaske tsawon noman rani, sauran su zauna a nan domin a riƙa gwada su da juna.